Shekarar da Aka Sa Akushin Inna a Gilashi

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don bangon ɗakina bai kai kaurin da kuke zato ba. Kuna cewa tsohuwa ta fara rikicewa: kullum in rana ta yi ja sai ta ɗauki kwanon tuwo ta ratsa rabin Tanut a ƙafa, ta kai wa maigadin muze, gidan tarihin nan, mutumin da yake da albashinsa da matar da ke dafa masa. Wasunku kuma, musamman ku na Yamai da ba a ganin ƙeyarku sai da salla, kun riƙe cewa ni na miƙa wa gwamnati gidan kakanku don a kira sunana a rediyo. Sunan ma da aka kira, ba daidai aka faɗe shi ba. To, tun da sauran numfashina, bari in shimfiɗa muku yadda abin ya kasance, ku huta da ƙage.

Gidanmu na asali, wanda yanzu aka kafa wa allo a ƙofa, gidan masauki ne. Tun zamanin kakan Baba, in ayarin Abzinawa ya gangaro daga arewa bayan kaka da gishiri da dabino don musayar hatsin Damargu, akwai zuriyar da ba ta san wata ƙofa ba sai tamu. A zaurenmu suke sauke kaya, a bayan gida suke durƙusar da raƙuma. Daga baya manyan motoci suka kashe ayari, amma zauren bai taɓa rasa mai kwana ba: Bafulatanin da ya kawo saniya kasuwa rana ta faɗi masa, mai jinyar da ya zo daga Gangara, matafiyin da motar Agadas ta lalace masa. Ƙa'idar gidan guda ce. Da an idar da sallar magariba, a cika babban akushi da tuwon hatsi, a rufe da faifai, a ajiye a zaure. Ba a tambayar wa zai ci, ba a leƙawa a ga ko ya ci. Da safe a ɗauko. Akushin baƙo muke ce masa, kuma mu ƴaƴan gida, duk kwaɗayinmu, ba mu taɓa tsoma hannu a ciki ba.

Ina ƙarama, ko tallar fura ban isa ba, aka turo wani saurayi Tanut, likitan dabbobi, irin masu yi wa shanu allura. Ba shi da kowa a Damargu, sai aka nuna masa zaurenmu kamar yadda ake nuna wa kowane baƙo. Ya zo da niyyar ya ɗan kwana biyu, ya ƙare da shekaru a ɗakin da ke jikin zaure. Sunansa kun san shi, kun karanta shi a makaranta, kun ga hotonsa cikin babbar riga bayan ya zama ɗaya daga cikin manyan da suka riƙe ƙasar nan. Mu dai a gida Dogo ne, domin sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa, kuma sau da yawa yakan manta. Abin da na riƙe nasa shi ne warin maganin dabbobi, da ƙafafun da suka zarce gadonsa na kara, da yadda yake dawowa daga rugagen Tarka da Belbeji fuska duk ƙura, ya tsaya a bakin tsakar gida ya ɗaga murya:

"Yaya, baƙonki ya dawo da yunwarsa!"

Inna kuma daga madafi ta mayar masa:

"Baƙon da ya san inda nake ɓoye yaji? Tahi ka zamna, akushi na zuwa."

Inna ta so ta riƙa zuba masa nasa daban, ya ƙi ƙememe. Da duk wanda Allah ya kawo zaure yake ci, ko mai raƙumi ne ko makiyayi, kuma a bakin akushin nan ya fara jin kukan mutanen daji kan rijiyoyi da burtali, abin da daga baya ya ja shi siyasa. Shi ne ma ya tsaga akushin. Wata safiya ya ce yau shi zai mayar wa Yayarsa akushi da hannunsa, ya taho yana waƙa, goshinsa ya gamu da saman ƙofa, akushi ya yi ƙasa. Inna ta wuce shi yana dafe da kai, ta durƙusa kan akushinta tana salati. Wani maƙerin Abzinawa ya ɗinke tsagar da waya ta jan ƙarfe, ɗinkin yana nan har yau. Bayan Dogo ya zama babba ya taɓa dawowa da jerin motoci, ya bar masu gadinsa a waje, ya tuɓe takalmi ya zauna a zaure yana shafa ɗinkin yana dariya. Ranar da rediyo ta faɗi rasuwarsa kuwa Inna ta yi kuka irin na wadda ta rasa ƙanen da suka fito ciki ɗaya.

Baba ya riga shi tafiya da daɗewa. Da ciwonsa ya yi tsanani bai yi maganar gona ba, bai yi ta rumbu ba. Inna ya kira, ina riƙe da ƙafarsa, ya ce:

"Hajo, kada zaure ya kwana da yunwa."

Wannan kalma Inna ta ɗaure ta a bakin zane. Har a shekarun farin nan da aka bar rumbuna wayam, da muke cin ganyen tafasa da ɗan dusa, sai an fara zuba na zaure kafin a raba namu. Na sha yin fushi da haka ina budurwa, cikina na kuka ina kallon faifai yana fita. Amma ban taɓa ganin ranar da bai fita ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, Inna ta tsufa tukuf, idonta ya yi hazo, amma harshenta na nan da kaifinsa. Ni kuma na ajiye aikin ungozoma, mahaifinku ya rasu, na dawo gida ina kula da ita. Gidan ya gaji. Daminar da ta wuce ta kayar da katangar yamma, rufin ɗakin Inna ya yi ciki. Na yi juyin duniya ta koma wani ɗaki, ta ce a nan aka kawo ta amarya, daga nan za a fitar da ita. Ana cikin haka aka aiko daga ofishin perfe, shugaban mulkin yankinmu, cewa manyan baƙi za su zo daga Yamai ganin ɗakin da Dogo ya zauna, ana son a mai da gidan muze, wato gidan tarihi, don tunawa da shi.

Mu abin da ya shiga kunnenmu shi ne manyan baƙi, da ɗakin Dogo. Ɗakin kuwa tun tafiyarsa ba wanda ya sake kwana a ciki, komai na nan yadda ya bar shi, sai ƙura da yanar gizo: gadon kara, akwatin ƙarfe da tsatsa ta ci, tsohuwar fitila, wani sirdin raƙumi da ɓeraye suka gaigaye. Inna ta sa aka kai ta bakin ƙofa, ta shaƙi warin wurin, ta tafa hannu.

"Haba! A nuna wa mutanen Yamai ɗakin ƙanena haka? Su koma su ce mun wulaƙanta shi bayan ransa?"

Ni da kawunku Laminu muka zage damtse. Akwati da fitila muka ba masu sayen tsohon ƙarfe, sirdi aka jefar, gadon aka kakkarya aka kai madafi. Aka zuba siminti a ƙasa, aka shafe bango da shuɗin fenti. Laminu ya hau mota har Damagaram ya sawo katifa mai kauri, da labule mai furanni, da agogon bango, har da furen roba a cikin kwalba. Da muka gama na tsaya ina kallo, wallahi sai da na ji alfahari. Na ce a raina ko ɗakin amarya sai haka.

Shugabar baƙin wata matashiya ce, Madam Fati, siririya mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, har ƙasa ta durƙusa ta gai da Inna. Suka ci tuwo da miyar kuka suka yaba. Sannan Laminu ya yi gaba yana gyara hula, ya yaye labule. Madam Fati ta sa ƙafa ɗaya ciki ta tsaya cak.

"Hajiya, ina kayan?"

"Ga su kuwa," na ce. "Duk sababbi ne, ba wanda ya taɓa kwanciya a kai."

"A'a, tsofaffin nake nufi. Akwatinsa. Gadonsa."

Laminu ya sosa ƙeya, ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Gadon dai, Madam, da shi aka dafa tuwon da kuka ci yanzu."

Baiwar Allah nan ta zauna a bakin katifa ta cire tabarau. Na ɗauka kuka za ta yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, ta yi ta yi har hawayen gaske suka biyo baya. Da ta natsa ta yi mana bayani a hankali cewa muze tsofaffin kaya yake so, yadda mai su ya bar su, da tsatsarsu da komai. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Yo mutum ya taso tun daga Yamai don ya kalli tarkace? Allah ya ba ku lahiya."

Da haka maganar za ta mutu, don Madam Fati ta faɗa mana gaskiya: in babu ko abu ɗaya da hannun Dogo ya taɓa, manya za su zaɓi gidan simintin da ya zauna a Yamai, a manta da Tanut. Suna haramar tafiya aka kira magariba. Aka idar, Inna ta fito da sandarta, ni ina biye da ita da akushi kamar kullum. Madam Fati ta hangi jan ƙarfen nan yana walƙiya a jikin baƙin itace, ta tambaya. Inna ta ba ta labarin goshin Dogo da saman ƙofa, tana yi tana kwaikwayon tafiyarsa. Ban ga Madam Fati ta yi dariya ba wannan karon. Ta sa hannu biyu ta taɓa ɗinkin, ta ce da wannan akushin da wannan zauren, magana ta tsaya da ƙafarta. Sharaɗin kuwa shi ne za a gyara gidan duka, a ba mu sabo a bakin gari, akushi ya shiga akwatin gilashi, zaure kuma a riƙa kulle shi da yamma saboda kayan tarihi.

Laminu tun a wurin ya amince. Amma ni ce babba, hannuna ake jira. Ku ji dalilina da kyau, don shi ne abin da kuka fi juyawa. Na farko, rufin nan ba zai kai wata damina ba, kuma ba abin da zai fitar da Inna daga ƙarƙashinsa sai abin da ya shafi Dogo. Na biyu, na san ku, ni na haife ku. Ranar da aka binne Inna da ni, wani ɗan kasuwa zai zo da murmushi, kafin shekara ta zagayo zauren kakanku ya koma shagon sayar da taya. Na gwammace ya tsaya da ƙafafunsa ko da a kulle. Amma akushi ba nawa ba ne, saboda haka na sami Inna da hantsi tana tsince ganyen kuka. Ni ƴar fari ce, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni. Ba ta jira na buɗe baki ba.

"Ke. In na ba su, wa zai ci a ciki?"

"Ba kowa, Inna. Kallonsa za a riƙa yi."

"Akushi, a yi ta kallonsa." Ta daɗe tana juya ganye a faifai. "In na hana kuma, sai a manta Dogo ya taɓa zama ɗan Damargu."

"Haka ta ce."

"To maganar ubanku fa?"

"Inna, sabon gida ma yana da ƙofa. Baƙo ai ƙofa yake nema. Sai mu riƙa ajiye kwano a can."

Da zuciya ɗaya na faɗi haka, kuma ita ma ta karɓa. Abu ɗaya ta gindaya: kada a rubuta cewa akushin Dogo ne.

"Na baƙo ne. Shi ma tarar da shi ya yi, kuma lomarsa ba ta hi ta mai raƙumi girma ba."

Bayan an shigar da hatsi muka tashi. Inna ta wanke akushin da hannunta, ta shafe shi da man shanu, ta naɗe a zanenta mafi kyau, ta miƙa wa Madam Fati ba tare da ta juya ba. Da magina suka buɗe rufin ɗakinta, azara a hannu take marmashewa, gara ta cinye cikinta tas. Ranar na yi sujada na gode wa Allah, kuma har gobe ban yi da na sanin sa hannuna ba. Sabon gidan shi ne wannan da kuka sani, siminti da kwano da ƙofar ƙarfe, ba zaure. Kullum da magariba mu ajiye kwano a bakin ƙofa, da safe mu tarar da shi yadda muka bar shi, ko awaki sun riga mu. Inna ba ta yi ƙorafi ba. Takan ce ba su san hanya ba tukuna.

Sai ga Agali. Agali tsoho ne Ba'abzine, jikan madugun da ya fara sauka wurin kakan Baba. Raƙuma sun ƙare masa tuni, amma duk shekara bayan kaka yakan hau bayan babbar mota ya zo, da ƙullin dabino na Inna. Ba shi da waya, ba wanda ya gaya masa mun tashi. Ya iso da faɗuwar rana ya tarar da zaure da sabon yaɓe da ƙaton kwaɗo. Gidajen da ke maƙwabtaka da mu duk sun koma shaguna, an rurrufe, sai mai shayi a bakin hanya. Mai shayin ya ba shi burodi, ya ce a'a, yana da masauki, in ya ci na wani ya kunyata masu masaukinsa. Mai shayin ya ce bari ya raka shi sabon gida, Agali ya ce a'a, mutum ba ya bin abinci gida gida, nan kakansa ya sauka. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya miƙe a kan dakalin ƙofar zaure ya kwana.

Da sassafe mai shayi ya zo ya faɗa mana. Inna na shan koko, ta ajiye ludayi a hankali. Na ce a kira kabu-kabu, ta ce da ƙafarta za ta je. Muka ratsa gari tana dogara sanda. Da muka isa ta zauna a ƙasa, a gaban dakali, tsohuwar da ko perfe tsugunawa yake ya gaishe ta.

"Agali, ka kwana da yunwa a ƙofar Malam."

"Ban ji yunwa ba, Hajo. Na ci dabino."

Ita ba ta gani sosai, amma hannunta na gani. Ya miƙa mata ƙullin, ta laluba bakinsa, ta ji ɗaurin nan na mutanen daji yadda aka yi shi tun daga gida, ba a taɓa kwance shi ba. Ta rungume ƙullin a ƙirji, hawaye na bin tamojin fuskarta. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Can ta juyo wajena, ba da faɗa ba, ta ce:

"Ke, ashe ba kowace ƙofa baƙo yake nema ba. Tashi ƙofar yake nema."

Madam Fati na gari a lokacin, tana shirya kayan muze. Da ta ji abin da ya faru ta zo da kanta. Ta ce kulle zaure doka ce, ba ta da ikon sauya ta, amma dakali a waje yake, ba wanda ya rubuta komai a kansa. Ta sa magina suka kafa masa rumfa. Daren nan Agali ya ci tuwo a ƙofar da kakansa ya sani, kuma tun daga ranar kwano can yake zuwa. Maigadin da kuke cewa ina ciyarwa, aikinsa korar awaki ne. In gari ya waye ba wanda ya zo, sannan ya ɗumama ya ci, kuma shi ma ai baƙo ne, daga Belbeji aka kawo shi.

Ranar buɗe muze an yi taro, an yi jawabai masu tsawo da ban riƙe ko ɗaya ba. An kankare shuɗin fentinmu, an samo wani gadon kara a ƙauye an ajiye, furen roba kuwa yana ɗakin Laminu har yanzu. Na ja Inna har gaban gilashin, ta manna fuska, ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na karanta: akushin baƙo na gidan Malam da Hajo, wanda marigayi ya ci a cikinsa tare da matafiya. Ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗaga murya, a gaban manya da sojojinsu, ta ce da Madam Fati:

"Ɗiyata, ya bushe. Ku riƙa shafa mishi mai."

Inna ba ta ga wata kaka ba. Ciwon bai ja ta da yawa ba, a kan gadonta ta cika, ƙarƙashin rufin da ba ya zuba. Ranar da za ta tafi, da la'asar, ta kama hannuna ta jawo ni kusa. Na zaci ruwa take so.

"Ke. Dare ɗaya ne, ko?"

Na gane abin da take nufi. Na ce:

"Dare ɗaya ne, Inna."

"To. In ubanku ya tambaye ni, ɗaya zan ce mishi." Ta numfasa. "Kada ki bari ya zama biyu."

Har yau da nake rubuta muku wannan, ɗaya ne. Amma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, bara a tsakiyar hanya sai da na zauna a gindin wata bishiyar bedi na huta kafin in ƙarasa. Ban ce ku yaba mini ba, ban kuma ce ku bar aikinku na Yamai ba. Kwanon dai shi ne mai shuɗin baki, yana bayan ƙofar madafi, faifansa na rataye a samansa. In an tashi kafin rana ta faɗi, ana isa ana idar da magariba.